Akwatin da Ya Sauka a Kan Mangwaro

Bayan cin abincin dare Mai Agogo ya ji wani ƙara daga bayan ɗaki, siriri, kamar gyare ya haɗiye usur. Abin ya yi shiru, ya sake, kuma tazarar ba ta canzawa. Ya haska tocila, sai ga wani farin akwati mara nauyi yana reto a reshen mangwaro, da igiya da yagaggiyar roba a jikinsa, da wata waya tana lilo kamar jelar ɓera.

Ya naɗe shi da bargo ya tura ƙarƙashin gado, don kada Auta ta ji. Auta ita ce ƙaramar 'yarsa, ita ke riƙe da gidan. Tun da idonsa ya fara hazo ta kafa masa doka: kekensa ba zai wuce kantin magani na kan kwana ba, ranar da ya wuce kuwa za ta sa wa keken sarƙa da kwaɗo.

Da safe tana fita aiki ya ɗaure akwatin a bayan keke ya tafi neman mai sani. Mai gyaran talabijin ya ce kayan 'yan leƙen asiri ne, ya fitar masa da shi daga shago. Mai walda ya so a fasa a gani. Daga nan Mai Agogo ya haye gada zuwa wurin wani tsohon abokinsa da ya taɓa shara a filin jirgi. Wannan ya jijjiga akwatin, ya kara a kunne, ya ce lallai daga sama yake, sauran bayani kuma Allah ne masani. Mai Agogo ya riga Auta dawowa, ya goge taɓon tayoyi tas.

Da yamma yana zaune a ƙofar gida tare da maƙwabcinsa Tela, Auta na shara, sai ga wata mata riƙe da ƙaramin rediyo da wata eriya kamar ƙashin kifi, wadda aka haɗa da guntayen tef ɗin awo. Ta gaishe su, ta ce akwatinsu ta zo ɗauka. Su masu sha'awar rediyo ne, da lasisinsu, jiya suka saki balan-balan ɗauke da akwatin, ya hau har ya fashe. Akwatin yakan tambayi tauraron ɗan'adam inda yake, ya faɗa ta rediyo, duk gidan da na'urarsa ta ji sai ta miƙa gaba, har maganar ta zama ɗigo a taswira. Usur ɗin kuwa don a same shi a cikin ciyawa ne. Ta murɗa rediyonta, aka ji kirrr, gajere, ta ce ga shi nan yana faɗin unguwarsu.

Mai Agogo ya tambaya ko masu miƙa saƙon sun san juna. Ta ce yawancinsu ba su taɓa haɗuwa ba. Ya daɗe yana kallon rufin gidajen unguwa.

Sai ta buɗe taswirar a wayarta tana dariya, ta ce tun safe suke bin ɗigon, har wani cikinsu ya rantse jaki ne ya ja igiyar. Auta ta jingine tsintsiya ta leƙa. Layin ya fita daga gidansu, ya wuce kantin magani, ya zaga kasuwa, ya tsallake kogi.

"Baba, wannan shuɗin mene ne?"

"Ruwa ne, ga alama."

"Ga alama," in ji Tela. "Jakin ma ya iya hawa gada."

Auta ta shiga ciki ta fito da sarƙa. Mai Agogo bai yi musu ba, sai dai ya roƙi matar ta sake kunna ƙaran nan ya ji. Da matar ta ga ya dafa sirdin keken ya ƙi saki, ta ce akwai ƙaramin irin akwatin da ake ɗaurawa a keke. In Baba zai zo wurinsu ya koya ya sami lasisi, Auta za ta riƙa ganinsa duk inda ya nufa.

Auta ta juya kwaɗon a hannu, sannan ta rataye sarƙar a ƙusa. Ta ce sai ta ga ɗigon da idonta, kafin nan kantin magani ne iyaka.

Tela ya gyara tabarau ya sake leƙa taswirar.

"To Malama, in ɗigon ya tsaya wuri ɗaya ya daɗe, yaya za a gane hira yake yi ko faɗuwa ya yi?"