Jiran Caji a Bukuru

Motar ta shigo Bukuru kamar mai sanɗa, ba ƙara ba hayaƙi, sai ɗan jan hoton batir da ke ƙyaftawa a gaban Alhaji Labaran. Tun yana saurayi yake tuƙi, ya san kukan kowane inji, amma wannan ta lantarki da ɗansa Sharafaddeen ya saya masa ba ta kuka, sai dai ta yi masa jan ido.

Ɗan nasa ya cika masa kunne: ba fetur, ba baƙin mai, ba bin layi. Abin da bai faɗa ba shi ne, akwatin cajin da ake kafawa a bango tsadarsa ta isa ta sa mutum zazzaɓi, ga wutar unguwarsu, Anguwan Rogo, ko ƙwan fitila da ƙyar take riƙewa. Haka ya fita yau da rabin caji zuwa Barikin Ladi wajen masu dankali, ga shi a hanyar dawowa motar tana neman ba shi kunya. Wuri ɗaya ya sani da ke da irin akwatin nan a Bukuru: gidan Mwadkon mai walda, wanda ya kafa shi don masu keken haya na lantarki.

Tare suka koyi aiki a gareji ɗaya, shi da Mwadkon, kwano ɗaya suke ci. Da rikici ya raba unguwanni, Labaran ya kwashe iyali ya koma cikin Jos, tun daga nan ƙafarsa ba ta sake taka cikin gidan ba. Ba wai ya yanke zumunci ba, a'a. Yana zuwa, sai dai ya tsaya a bakin ƙofa, inji na kunne, ya miƙo hannu ta taga su gaisa, ya ce sauri yake. Da fari tsoro ne, daga baya ya zama kunya, kunyar kuwa kullum ƙara nauyi take. Yana son shiga, bai san ta inda zai fara ba.

Mwadkon ya fito daga rumfar aikinsa yana goge hannu, ya zagaya motar yana dariya.

"Alhaji, yau ina injin da za ka bari a kunne?"

"Kai dai jona mini, tsohon banza. Sauri nake."

"Wannan ba ta san sauri ba," in ji Mwadkon, yana cusa kan wayar a gefen motar. "Sai ta ƙoshi. Ka yi La'asar a nan, wataƙila har da Magariba."

Labaran ya koma ya zauna a mazaunin direba, ƙofa a buɗe, ƙafa ɗaya a ƙasa, yana kallon akwatin da ke ɗan gurnani a bango. Mwadkon bai matsa masa ba. Ya jawo benci kusa da taya, suka taɓa hirar tsadar ƙarfe, da sanyin bana, da waɗanda suka rasu cikin abokan gareji. Jerin ya yi tsawo fiye da yadda Labaran ya zata.

Abigel, matar Mwadkon, ta leƙo daga ƙofa, gashinta ya yi fari fat. Rabon Labaran da ganinta a tsaye kusa haka har ya manta.

"Baban Rahma, kai ne? Gwaten acca yana kan wuta fa. Ko a mota zan kawo maka kamar baƙo?"

"Maman Angela, a ƙoshe nake wallahi," ya ce, alhali ƙamshin yakuwa ya riga ya tona masa asiri.

Ta dube shi, ta saki labule. Wannan kallon ya fi masa zafi a kan zagi.

Can sai gurnanin akwatin ya tsaya. An ɗauke wuta. Labaran ya leƙa allon motar. Abin da ta sha ba zai kai shi ko rabin hanya ba. Ya nuna babban janareton walda da ke rumfa.

"Ta da wancan mana, ai zai ja."

Mwadkon ya sosa ƙeya, ya kalli sama. "Babu mai, Alhaji. Ko ɗigo. Sai dai mu jira su kawo wuta."

Labaran ya dubi rumfar. Jarka ce babba a gindin janareton, cike har wuya, bakinta ma bai bushe ba. Ya dubi abokinsa, wanda ya dage yana kallon gajimare kamar an ba shi aikin ƙirga su. Tsufa ya kama mutumin nan sosai, har yau kuma bai iya ƙarya ba.

"Mai ya yi wuya kam," in ji Labaran a hankali.

Ya fito, ya rufe motar, ya gyara babbar riga. A bakin ƙofa ya tuɓe takalmansa, ya ɗaga murya ya yi sallama.

"Maman Angela, a sa mini yaji da yawa."