Ƙusa a Aljihun Magini

Daren jiya wani mafarki ya same ni, kuma har yanzu ban yarda da kowa a cikinsa ba.

Ni dai Korau ne, magini, shekara ashirin da biyu ina cin abinci da cokalin gini. A mafarkin sai na gan ni da rana tsaka a bakin wani rafi mai gudu yana hawa tudu. Ga wani dattijo zaune kan buzu yana jirana. Ya ce sunansa Malam Nomau. Ban taɓa ganinsa ba, amma ya san sunan kakata.

"Ɗakin halwa nake so," in ji shi. "Ɗan ƙarami, inda mutum ɗaya zai zauna shiru ya tuna Ubangijinsa. Kada ka sare itace mai rai. Kada ka sa siminti ko ƙarfe. Ranar da aka gama da shi, ya narke ya koma ƙasa, a shuka gero a wurin."

"Allah gafarta Malam, wa zai zauna a ciki?"

"Wanda ya gaji."

Ya faɗi haka yana kallon gwiwoyina. Ban ji daɗin kallon ba.

Mai duba aikin wani jan kadangare ne, aka ce shi ne injiniya. Na haƙa harsashi, na tambaye shi ko zurfin ya isa. Ya gyaɗa kai. Na ce ko dai bai isa ba? Ya gyaɗa kai. Tun daga nan na daina juya masa baya.

Na kwaɓa laka da ciyawa, na tattake, na buga tubali na jera a inuwa, domin a can rana jiƙa abu take yi. Ramin da na ɗebi ƙasar ya cika da ruwa nan take, kwaɗi suka tare a ciki da kayansu, kamar tun jiya suka san za a haƙa.

Da gini ya kai ƙirji sai ga iska ta zo da kanta, wata doguwar mata ce da farin mayafi. Ta nuna wurare biyu da yatsa.

"Nan zan shiga da hantsi, can zan fita da la'asar. Ka bar min tagogi, amma ƙanana."

"Baiwar Allah, wa ya aiko ki?"

"Kai wa ya aiko ka?" Ta wuce ta tsakanin yatsuna.

Ina tunanin inda zan samo azara ke nan, wata tsohuwar giginya ta kwanta a gabana a hankali, ta tsage gida takwas. Na zagaya gindinta sau uku ina neman sawun gatari. Babu. Rashin sawun ya fi damuna. Duk da haka na ɗora azarar, na rufe da zana da ƙasa, na shafe bango da makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa. Ƙofa kuwa Malam ya ce a yi ta gajeriya, sai da rarrafe, don kada zafi ya san hanya.

Sai ga masu gwaji, gara ce, layi guda tun daga kurmi, sun ɗauko uwarsu a kan ganye. Uwar Gara ta lashi bango, ta daɗe tana tauna.

"Lakar ta yi. Ciyawar ta yi. Amma akwai warin ƙarfe a nan."

Kowa ya juyo yana kallona. Rafin ma ya tsaya. Masu gwajin suka hau ƙafata suka shiga aljihu, suka fito da ƙusa 'yar inci huɗu, su arba'in suna nishi.

"Sharri ne!" na ce. "Wancan injiniyan ne ya saka min."

Aka dubi kadangare. Ya gyaɗa kai.

"Ko kuwa ta maginin ce?" in ji Uwar Gara.

Ya gyaɗa kai.

Gaskiya tawa ce. Na yi niyyar in faki ido in kafe ƙyauren da ita. Na sunkuyar da kai na ce, "Iya, ban yarda da igiyar kaba ba ne."

"To da me ka yarda?" in ji Malam Nomau.

Na duba ko'ina a raina, ban samo komai ba.

Hukuncin bai yi tsawo ba. Aka ce in shiga ɗakin in zauna, in ya karɓe ni zai tsaya, in ya ƙi ni zai zubo a kaina. Na rarrafa na shiga. Ciki da sanyi kamar randa, daɓen yana ƙamshin ruwan farko. Na zauna ina sa ido kan azara ta uku, wadda tun farko ban so yanayinta ba.

Da na waiwaya, sai ga ɗan tsiro ya fito a tsakiyar bakin ƙofa, ganye biyu, ɗorawa ce. Ba yadda zan rarrafa in fita ban murƙushe ta ba. Ta taga na hango Malam yana naɗe buzunsa.

"Malam! Ɗakinka fa?"

"Ni na yi tawa halwar tun da daɗewa."

Dama na sani. Tun daga kallon gwiwar nan na sani.

"Matata Ladidi tana can ta ɗora tukunya. Yaushe zan fito?"

"In ta girma ta ba ka hanya."

"Shekara nawa ke nan?"

"Ɗorawa ce, Korau. Ba ta da gaggawa."

Na ɗaga gwiwa zan take ta. Ganyen biyu suna ta rawa, sirara, har ana ganin haske ta cikinsu. Na daɗe a haka. Sai na mayar da gwiwar, na naɗe ƙafafuna.

Matar nan mai mayafi ta shigo ta tagarta, ta shafa wuyana ta fita. Bango yana numfashi a hankali, na ji nawa numfashin ya bi nasa. Na fara hailala ƙasa-ƙasa. Na nemi wanda zan zarga, na ga ɗakin ba kowa sai ni. Azara ta uku ba ta motsa ba.

Can sai wani gurnani ya taso daga cikin bango, yana ƙaruwa. Na ce shi ke nan, gara ta ci amanata.

Ashe injin markaɗen maƙwabta ne aka tayar, gari ya waye, mata har sun fara jera robobin wake. Na zauna a bakin gado, na duba ƙasa da kyau kafin in sauke ƙafa.