Sharaɗin Tauri

Harbin farko iska ya samu, na biyu ne ya fasa tayar gaba. Motar ta yi tsalle, ta bar hanya, ta daki kututturen ƙirya, ta kafa hanci cikin rami. Kafin mutane su gama salati, sai ga su sun ɓullo daga cikin gero, samari ne da fuskoki a naɗe, ɗaya da bindiga, sauran da adduna.

Namadi yana gidan gaba, cikin farar rigar da aka ɗinka masa don tafiya Umara. Daga Fakku ya taso da sassafe, ya shiga mota a Kebbe, a Tambuwal ne 'yarsa Ruwaida da mutumin kamfanin tafiye-tafiye ke jiransa su wuce da shi Sakkwato ya hau jirgi.

Aka fizgo Ɗan'iya direba ta taga, aka sa masa gindin bindiga a baki. Haƙora suka zubo cikin taɓo, ya kife bai ƙara motsi ba. Wata mata ta yi jinkirin cire ɗan kunne, aka cire mata shi har da naman kunnen. Aka fito da mutane daga motar aka ce kowa ya kwanta, kowa kuwa ya kwanta, har da Dikko, tsohon abokin hamayyar Namadi, wanda ya biyo shi wai rakiya, alhali so yake ya ga ko ƙafarsa za ta yi rawa in ya ga jirgi.

Namadi bai kwanta ba. To ina zai kwanta? Mutumin da sa ya ɗaga a ƙaho ya yar, ya tashi ya karkaɗe riga. Mutumin da kwalara ta kwashe rabin unguwarsu ta tsallake shi. Tun yana saurayi ya sha tauri a hannun Sarkin Tauri na Kebbe, wanda ƙasa ta daɗe da rufewa, shi da Dikko rana ɗaya, ƙwarya ɗaya. A filin wasa an ga wuƙa ta lanƙwashe a cikinsa, an ga aska ta dakushe a harshensa. Sharaɗi ɗaya tsohon ya kafa musu da yana ɗaura musu kambu a dantse: ƙarfe ba zai ci su ba muddin suna fuskantarsa, amma ranar da mutum ya ba shi baya da niyyar gudu, to ya zama nama kamar kowa. Duk dattijon ƙasar ya san wannan sharaɗi.

Wani siriri daga cikin samarin ya sa bakin adda ya ture masa hula. Hular ta faɗa cikin taɓo. Namadi ya dube ta, ya dubi yaron da bai kai jikansa ba.

"Kai, ɗan wa kake? Ni ne Namadi na Fakku. Ƙarfe ya san ni tun ba a haifi ubanka ba."

Ya naɗe hannun riga, ya miƙa hannun dama gaba yadda ya saba a fili, ya kafe yaron da ido, bai ko ƙifta ba. Addar ta sauko.

Ƙarar kamar an sari ɗanyen icce. Da farko bai ji komai ba, kallo kawai yake yi. Hannun ya buɗe daga ƙasan gwiwa, farin ƙashi ya leƙo, tafin ya rataye gefe kamar ba nasa ba, jini ya yi tsartuwa ya wanke gaban farar rigar. Duk da haka sai da ya kai wa yaron karo da ka, hancin yaron ya fashe, suka zube tare. Na bindigar ya juyo zai gama da shi, sai ga ƙarar baburan 'yan sa-kai daga wajen Kebbe. Samarin suka ja ɗan'uwansu suka faɗa cikin gero.

Dikko ne ya rarrafo, ya kwance rawaninsa, ya ɗaure dantsen, ya sa haƙori ya ja ƙullin. Shi bai kifa fuska ba tun farko, ta ƙarƙashin hammata ya ga komai. Suka haɗa ido.

A asibitin Tambuwal likita ya tsayar da jinin, ya ja Ruwaida gefe, amma Namadi yana jin su. Jijiyoyin sun tsinke, ƙashin ya dare. In an kai shi Sakkwato yau, wurin masu ɗinkin jijiya, ana iya ceton hannun. In an kwana, sai dai a yanke daga gwiwa. Ruwaida malamar makaranta ce, kuma duk abin da ta tara ya tafi cikin kujerar Umarar nan. Abin da ya rage mata shi ne inshorar tafiya da aka haɗa da kujerar, wadda aka ce ta fara aiki tun daga ƙofar gida.

Ta san dokokin abin sarai, don ta sha faɗa da uban a kansu. Ita ta hana shi hawa acaɓa daga Fakku, ta ce in ya faɗo daga babur ba su biya. Ita ta tilasta shi ya faɗa musu yana da hawan jini, yana ta rantsuwa cewa jininsa bai taɓa hawa ko'ina ba.

Abdulganiyyu, mutumin kamfanin, ya iso daga tasha yana gumi, waya a kunne. Ɗakin ya riga ya cika da 'yan dubiya, mutanen Fakku da na Kebbe da labari ya iske a kasuwa. Ya durƙusa ya yi wa Namadi sannu, sannan ya ce masu inshora sun yarda su tura mota su kuma ɗauki aikin, amma sai sun ji yadda abin ya faru daga bakin mai rauni da kuma shaida guda. Ya ce akwai abubuwan da ba su biya a kai: yaƙi, tarzoma, ciwon da mutum ya baro gida da shi ya ɓoye, da wanda ya ji rauni yana cikin maye.

"Maye?" in ji Namadi, muryarsa ta dushe. "Ruwaida, wanga yaro ni yaka tambaya ko na sha?"

"Karanta maka yake yi, Baba. Kowa haka ake karanta masa."

Abdulganiyyu ya ce wannan duk ba damuwa, tunda 'yan sanda sun rubuta fashi ne. Saura guda. Ba su biyan wanda ya tari haɗari da kansa, yana da halin kaucewa ya ƙi. Kuma tun a bakin ƙofa ya ji ana cewa Baba ya miƙe ya miƙa wa 'yan fashin hannu.

Ɗan'iya, da ke gadon kusa da leɓe kamar an hura, shi ya baza labarin, ko da yake shi ma ji ya yi, don a sume yake lokacin.

Ruwaida ta tambaya ko dokar ba ta da wata ƙofa. Abdulganiyyu ya ce akwai: sai fa in mutum ya yi hakan ne don ceton ran wani. Fuskarta ta washe. Ta sunkuya kusa da kunnen uban.

"Baba, ka ji. Ai da ba ka tashi ba da sun ƙarasa Ɗan'iya. Ka ce don shi ka tsaya, shi ke nan."

Mutane suka fara gyaɗa kai, wasu har suna cewa haka aka yi. Ƙofa ce mai kyau, hannu ya tsira, suna ya ƙaru. Namadi ya lumshe ido. Shi dai ya san ko tunawa da direban bai yi ba, hularsa ya gani cikin taɓo. Amma ba wannan ke cinsa ba. In ya ce ya tsaya, ko don wa, to ya faɗa da bakinsa gaban mutanen Fakku cewa ya fuskanci ƙarfe ido da ido, ƙarfe ya ci shi. Wuƙaƙen da suka lanƙwashe, da ƙwaryar nan, da tsohon da ke kabari, da duk abin da ya tsaya a kai tun yana saurayi, sun tashi a banza ke nan.

Ya buɗe ido ya nemi Dikko. Yana tsaye jikin bango, kai ba rawani, hannunsa na hagu dafe da dantsen dama, daidai inda nasa kambun yake ƙarƙashin riga.

"Yaro, kawo wayar taka kusa," in ji Namadi. Abdulganiyyu ya matso da ita. "Ban tsaya ba. Gudu na yi."

"Baba," in ji Ruwaida.

"Ke, bari in yi magana. Da na ga sun fasa bakin direba, tsoro ya kama ni. Na juya zan faɗa cikin gero, yaron ya biyo ni ya sare ni. Abin da anka yi ke nan."

Wani daga baya ya yi salati a hankali. Wani saurayi ya toshe baki. Abdulganiyyu ya dubi naɗin da ke hannun, ya ce cikin ladabi likita ya rubuta saran ta gaba ya shiga.

"Waiwayowa na yi in ga ko ya kusa. Kai in ana bin ka da adda ba ka waiwaye?"

Muryar mai inshora da ke cikin wayar ta nemi shaida. Dikko ya taso daga jikin bango, ya gyara murya, ya faɗi sunansa da na ubansa da garinsu.

"Ina kwance ina kallo. Gudu ya yi. Ban taɓa ganin tsoho da sauri awa nasa ba, har hula ya bari."

Aka yi 'yar dariya, ta mutu da wuri. Muryar ta ce gudun tsira ba ya cikin abin da aka hana, a shirya mai rauni, mota na zuwa.

Ruwaida ta tsugunna gefen gadon tana share ido da gefen hijabi. Ta ce ta san abin da maganar nan ta ci masa, Allah ya saka masa da ya zaɓi hannunsa a kan surutun mutane. Namadi bai gyara mata ba. 'Yan dubiya suka fara zamewa ɗai-ɗai, kowa yana sauri ya riga wani kai labari Fakku.

Da aka turo gadon zuwa bakin mota, Dikko yana biye, yana faɗi da ƙarfi yadda kowa zai ji cewa shi dama ya daɗe da sanin cika baki ne kawai. Amma hannun Namadi na hagu yana cikin nasa, ya matse shi har yatsun suka yi fari.

Wata ma'aikaciyar jinya ta biyo su da ƙaramar leda. Ta ce ga abin da suka yanke daga dantsen Baba lokacin da za su wanke ciwon, ko a zubar? Tsohon kambu ne, fatar ta yi baƙi da gumin shekaru, yanzu ga jini ya bushe a kai.

Namadi ya zare hannunsa daga na Dikko, ya miƙa masa dantsen.

"Ɗaura mini a na hagu," ya ce. "Ka ja ƙullin da kyau."