Bikin Saudatu a Zanzibar

Ƙawata Saudatu ta kafe sai a Zanzibar za a yi bikinta, ni kuma da rawar kai na bi ta. Mota daga Bauchi zuwa Abuja, sannan jirgi, a sauka, a jira, a sake hawa. Na isa ƙafafuna a kumbure, takalmin bikin ma ya ƙi shiga.

Ranar ɗaurin aure muna zaune bakin teku, rana na gasa mu, sai ango ya ɗaga wayarsa, muka taru muna leƙe. Ashe waliyyai sun ce ba inda za su. A masallacin bayan gidana na Gwallameji ake ɗaurawa.

Ga mijina Sabitu a sahun gaba, cikin jallabiyarsa ta zaman gida, yana cin dabino. Har da ɗago mini hannu.