Waƙar da Malama Ta Bar Mini

"Kin sauka da wuri," in ji Malama. "Sake."

Karo na shida ke nan. Ina zaune a bakin gadonta da kwanon ruwan ɗumi a cinya da tsumma a hannu. Goge mata jiki na zo yi, sai ga ni ina rera waƙa kamar 'yar firamare. Matar da ba ta iya ɗaga kofi da kanta, amma kunnen nan garau yake.

"Mama, ɗinki na bari a kan keke. Mai kayan za ta zo da yamma."

"Ta jira. Ni ce ba zan jira ba."

Haka take magana tun ranar da likita ya ce a mayar da ita gida a lallaɓa ta. Malama maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba ɗakin ɗinkina da ɗakin kwananta. Shekara talatin ta yi tana koyar da mawaƙan cocinmu, ni ma a hannunta na koya, har da ranƙwashi. 'Yarta tilo tana aiki a wani gari, sai ƙarshen mako take zuwa. Saboda haka duk lokacin da cokali ya bugi katanga, ni ake nufi.

Wankan da juyin ba su dame ni ba. Waƙar ce ta ishe ni. Malama ta tsara waƙar jana'izarta da kanta, baiti uku da amshi. Kalmomin ta rubuta ta ba Fasto, amma karin da za a rera ta da shi ta hana kowa sai ni. Na ce a kira mawaƙa su koya, ta ce hayaniyarsu za ta ƙarasa ta. 'Yarta ta kunna waya za ta ɗauka, Malama ta kulle baki ta kau da kai.

Kuma ta san abin da take yi sarai. Shekara uku ban taka cikin coci ba. Da maigidana ya kwanta, kwana bakwai muka yi muna azumi, na yi addu'a har muryata ta dishe, a rana ta takwas ya tafi. Na ninke rigar mawaƙa na cusa ta a ƙasan akwati. Tun daga lokacin, ranar Lahadi na fi taka keke da ƙarfi.

Wata Talata matan coci suka zo dubiya, suka cika ɗakin, suka yi addu'a. Duk wadda ta tambaye ta jiki, amsa ɗaya ce: "Mun gode wa Ubangiji." Suna fita ciwon ya taso mata. Ta damƙe zanen gado, gumi ya jiƙe matashi, leɓenta yana rawa. Da ya lafa ta buɗe ido ta ce, "Mun gode."

Nan haƙurina ya ƙare.

"Mun gode da me, Mama? Da me? Shekara talatin kina yi Masa waƙa, ga sakamakon, ko juyi ba kya iya yi sai an juya ki. Ki ce da ciwo mana, ko sau ɗaya."

"Da ciwo," in ji ta. "Kin ji daɗi?"

Na matse tsumma a cikin kwano.

"Ke kina tsammani ba na yi Masa ƙorafi? Ki tambaye Shi abin da Ya ji daga bakina da safen nan. Ni ma fushin nake, 'yar nan. Ke kin yi naki kin bar gidan, ni ina ciki ina yin nawa. Idan na bar wurinSa, wa zan kai wa ƙara? Ke?" Ta numfasa. "Ɗauko daga amshi."

Na ɗauko. Amma na faɗa mata a fili cewa ba zan rera ta a coci ba.

"To," ta ce. "Sai a binne ni shiru."

Ranar Alhamis da hantsi ta cika. Ina goge mata hannu ina rera waƙar, don idan ban rera ba ba ta yarda a taɓa ta. Na kai ƙarshen baiti na uku, na tsaya ina jiran gyara. A waje wani yana ta fama da motar da ta ƙi tashi. Na daɗe ina jira kafin na ajiye kwanon.

Fasto ya same ni washegari, ya fara lallashi. Na ce masa na yi wa Malama abin da zan iya tana da rai, ya nemi wata waƙar, ai littafi cike yake.

Ranar jana'iza na bi gawa har ƙofar coci, na tsaya daga waje kusa da masu raba takardu. Daga nan ina hango akwatin, da 'yarta a layin gaba. Aka yi karatu, aka yi wa'azi. Sai Fasto ya ce marigayiya ta bar waƙa. Mawaƙa suka miƙe da takardu a hannu, mai piyano ya ɗora yatsu, kowa yana kallon kowa. Ashe Fasto ko wata waƙar bai shirya ba. Daga baya na ji cewa sai da Malama ta sa shi ya yi mata alkawarin ba za a rera wata ba.

Shirun ya yi tsawo. Wani ya yi tari. 'Yarta ta waiwayo tana bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya, idonta ya kumbura, har ta gano ni.

A raina na ce, tsohuwar nan, kin gama da ni. Daga bakin ƙofa na ɗaga murya:

"Na zo da nauyina, ban sauke a hanya ba,
Kai ka ce in zo, to ga ni."

Mawaƙan suka juyo gaba ɗaya suna kallon bakina. A amshi na biyu suka kama, amma masu ƙaramar murya suka sauka da wuri, suka ja sauran. Haushi ya kama ni. Waƙar da matar nan ta ƙarar da numfashinta a kai, a yi mata haka? Na matsa ina ɗaga musu hannu su riƙe, ba su gani ba, na ƙara matsawa.

Da waƙar ta ƙare na tarar da kaina a layi na uku, hannuna yana sama. Kowa ya zauna, saura ni. Wata dattijuwa da ke bakin benci ta ɗauke jakarta ta ɗora a cinya, ta ɗan gusa, ba ta ko kalle ni ba.