Kafaɗa Ashirin da Shida

Ma'aikatan wurin fasa dutse sun gaji da Saje. Tsohon soja ne, makullin tayar da nakiya a hannunsa yake, kuma ba ya murɗa shi sai ya jera mutane a bayan katanga ya dafa kafaɗar kowa. Kiran suna bai ishe shi ba. Suna tsokanarsa, wai ko mai sayen shanu bai kai shi lalube ba.

Ran nan aiki ya makara. Rana ta take, motoci shida na jiran tsakuwa. Manaja ya fizge takardar ma'aikata ya kira sunaye da kansa, mutum ashirin da bakwai suka amsa, ya ce a tayar.

Saje ya nufi bayan katanga. Ya bi layin yana jan gwiwarsa mai ciwo, ya sami ashirin da shida. Ya sake, haka dai. Manaja ya tuna masa cewa masu neman aikinsa sun fi tsakuwar nan yawa.

"Ranka ya daɗe, murya ka ƙirga," in ji Saje. "Ni mutum nake nema."

Gajere ne babu, mai injin huda dutse. Sai direban katafila, ƙanin matar Gajeren, ya sunkuyar da kai ya ce shi ya amsa sunansa. Ya ɗauka bayan gida ya zaga, ba ya so a rubuta masa laifi.

Saje ya gangara ramin shi kaɗai, yana tsallake wayoyi. Ya tarar da Gajere a tsugune tsakanin ramukan da aka cika da nakiya, yana naɗe tiyo. Bai ji jiniya ba, injin ya daɗe da cinye masa kunne.

Da suka fito, manaja ya ce direban ya tattara nasa ya nasa. Saje ya roƙa a bar masa shi. Ya ja shi inuwar kwantena, ya ba shi labarin ranar da rundunarsu ta ja da baya. Kyaftin ya kira sunaye daga gaban mota saboda sauri. Wani kofur ya sauka rafi cika musu goruna, aka amsa masa don kada a hukunta shi, ana zaton zai kama motar ƙarshe. Suna haye gada aka tashe ta da nakiya. Bayan kwana uku suka dawo, goruna huɗu kawai suka samu a bakin ruwa, a cike, a jere.

"Baba, wa ya amsa masa?" in ji direban.

Saje ya dube shi.

"Ni ne."

Ya ce masa ya tashi su bi layin tare, direban a gaba. Direban ya riƙa dafa kafaɗu ɗaya bayan ɗaya. Da ya kai ta Gajere ya kasa ɗauke hannunsa, Saje ya jira shi. Sannan ya ciro makullin.