Begilar Kakana a Shagon Mai Sayen Zinari

Na gaji da ramin zinari. Shekara uku ina shiga, ƙurar dutse ta zauna mini a ƙirji, kuma babur nake so in saya in riƙa ɗaukar fasinja tsakanin Adabka da Bukkuyum. Da Inna ta gaji da mitata sai ta ce in duba saman ɗakin mahaifinta, akwai begilar da ya dawo da ita daga aikin badujalar soja.

Doguwa ce, mai hannu da ake ja ana turawa. Da na ja hannun, kyankyasai suka zubo mini a ƙafa, da wani koren ruwa mai warin tsohon miyau. Sai da na fita na tofar da yawu. Amma a bakinta mai faɗi akwai zanen furanni da rubutun Turanci da lambobi, kuma wurin yana ɗaukar ido, rawaya shar.

A wajenmu duk abin da yake rawaya wurin mai sayen zinari ake kai shi. Na hau mota zuwa Anka, shagon Shitu.

Kafin Shitu ya gama da masu awo, zauna-gari-banzan ƙofar shagon sun karɓe ta. Kowa ya kafa baki ya hura, da goro a bakinsa. Wani ya hura ta yi ƙara kamar tusar jaki, aka fashe da dariya. Jan miyau yana bin ƙarfen har hannuna.

"Haladu, ka zama sarkin busa ke nan?" in ji Shitu. Ya juya ta. "Turawan da wayo gare su. In akwai zinari ga wanga abu, nan wajen rubutun sunka zuba shi. Riƙe mini gam."

Ni na riƙe masa. Ya sa magagari ya goge rubutun har ya yi fari, ya ɗiga ruwan batir, wurin ya yi kumfa ya koma kore.

"Tagulla ce zalla. Kai ma 'yan gwangwan su auna maka."

Wani direba da ke tsaye ya ce kafin nan in gwada Gummi, akwai wani tsoho, Mainasara, da ya yi badujala.

Na same shi a zaure. Bai taɓa ta ba sai da ya wanke hannu ya shimfiɗa tsumma mai tsabta. Ya ja hannun a hankali, ya kara kunne.

"Turambon sunanta, yaro. Irin wagga tun kafin a haifi uwarka anka bar ƙera ta. Akwai mai tara su a Kaduna, yana ba da abin da ya wuce kuɗin babur. Sunan maƙerin da lamba kawai yake so a aika mai a waya."

Ya juyo bakin wajen haske.

"Wane jahili ne ya yi wanga aiki?"

"Mai sayen zinari ne, Baba."

"Kai kana ina?"

Na dubi ƙasa.

"Ko harafi guda ka tuna?"

Ban tuna ba. A aji huɗu na bar makaranta, furannin kawai na kalla.

"To ba suna, ba lamba, wa zai yarda? Yanzu kuɗin buhun gero ma sai an yi maka alheri." Ya shiga goge jan miyan da tsumman, yana tsaki. "Bar ta nan in wanke ta. Ba ni ba ka ita ka kai ma masu narka tukwane."

Na bar masa ita. A tasha na kira Muntari, mai ramin da nake wa aiki, na ce kada ya ba wani gurbina, ina nan tafe ranar Asabar.